Maganin Kaska da Horon Ɗan Kwikwiyo Aiki Ɗaya Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake ganinsa a shafukan jaridun Hausa ba, wato kula da ɗan kwikwiyo a watanninsa na farko, musamman ta fuskar kaska da kuma horo. Na san wasu masu karatu za su ce duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasar nan ba a ga abin rubutu ba sai kare. Amsata ita ce, matsalolin nan su ne suka shigo da karnuka gidajen da a da ba su san su ba. Taɓarɓarewar tsaro ta sa masu gidaje a sababbin unguwannin bayan gari na Kano da Kaduna da Zariya da Abuja, da masu gidajen kaji da lambuna, suna sayen 'yan kwikwiyo domin gadi, ban da mafarauta da makiyaya waɗanda tun kaka da kakanni suke tare da kare. Akasarin waɗannan sababbin masu kare ba su taso sun ga ana kiwonsa ba, babu kuma wanda ya koya musu, kuma a shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi na ga abin da hakan yake haifarwa.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da kowane ɗalibi ya sani shi ne hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na gadin dabbobi da na gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Da malaman fiƙihu suka zo bayanin horarren kare, sun ce shi ne wanda idan aka sake shi zai tafi, idan aka tsawata masa zai tsaya. Ashe ke nan horon kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma wanda ya ajiye dabba a gidansa haƙƙin cinta da shanta da lafiyarta ya hau kansa, ko tunkiya ce ko kare.

Abin da nake son masu karatu su duba shi ne wannan: mutane suna ɗaukar kaska a matsayin matsalar da ake kai wa mai shagon magani, horo kuma a matsayin aikin da za a nemo wani gwani ya yi idan kare ya girma. A ganina abubuwan biyu aiki ɗaya ne, hannu ɗaya ne yake yin su, kuma a cikin 'yan makonni ƙalilan ake samun nasararsu ko a rasa ta. Karen da ya saba tun yana ƙarami a buɗe masa kunne, a ɗaga masa leɓe, a ware masa yatsu, shi ne wanda za a iya cire wa kaska, a yi masa wanka, a yi masa allura. Wanda bai saba ba, da zarar ya yi ƙarfi babu mai iya taɓa shi, kuma duk tsadar maganin da aka sayo a cikin kwalba zai ƙare.

Bari in fara da ita kanta kaskar, domin rashin sanin halinta ne yake sa a yi ta asarar kuɗi. Wadda ta fi addabar karnuka a ƙasashe masu zafi irin namu ita ce 'yar ja-ja-jan nan mai ruwan ƙasa, kuma ta bambanta da manyan kaskar shanu masu zane a baya, waɗanda makiyaya suka san alaƙarsu da kirci. Kaskar shanu a daji da ciyawa take jiran dabba. Ta kare kuwa tana iya yin dukan rayuwarta a cikin gida, tsakanin ɗakin kare da bangon tsakar gida, ba tare da ta leƙa daji ba. Macen takan maƙale ta sha jini kimanin mako guda har ta kumbura ta yi toka-toka, sannan ta saki jikin karen ta faɗo, ta nemi tsagar bango ko ƙarƙashin tabarma ko ramin bulo, ta zuba ƙwai da yawansu kan kai 4,000, sai ta mutu. Bayan 'yan makonni ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da ƙafafu shida, ƙanana ƙwarai har ido bai cika kama su ba. Su hau kare su sha jini su sauko, su saɓa su zama masu ƙafa takwas, su sake hawa su sake saukowa, sai a hawa na uku ne suke zama manyan da muke gani. Idan akwai zafi, duk wannan zagaye yana kammala cikin wata biyu zuwa uku, kuma babbar kaska tana iya zama a cikin tsaga fiye da shekara guda ba ta sha jini ba, tana jira. Ma'anar wannan ita ce kaskar da ake gani a jikin kare kaɗan ce daga cikin wadda take gidan, mafi yawa tana cikin gini. Shi ya sa mutum zai yi wa karensa wanka da magani ranar Asabar, kafin wata Asabar ɗin ya ga kunnuwan sun sake cika, sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali maganin ya yi aikinsa, sababbi ne suka fito daga bango.

Ga ɗan kwikwiyo, shan jinin kaɗai ya isa ya kashe shi, domin jinin jikinsa bai taka kara ya karya ba. Amma babban haɗarin shi ne cututtukan da kaska take ɗurawa, waɗanda masu kare suke haɗa su a kira su zazzaɓin kaska. Ɗaya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su, sai a ga kare ya yi laushi, ya ƙi abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari fat ko rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Ɗayar kuma, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, ta kuma kashe karnukan sojojin Amurka da dama a yaƙin Biyetnam, tana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, don haka akan ga haɓo ko ɗige-ɗigen jini a fatar ciki. Wannan ta biyun tana da yaudara, domin kare yakan farfaɗo kamar ya warke, cutar kuwa tana nan, bayan watanni ta taɓa ɓargo, lokacin da magani ba ya cika amfani. Likitoci suna ba da ƙwayar doksisaikilin ta kwana 28 saboda ita, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a daina bayarwa da zarar kare ya fara cin abinci. Akwai ta uku wadda ba ta hanyar cizo ake kamuwa da ita ba, sai idan kare ya haɗiye kaskar, dalili ke nan da ba a jefar da wadda aka cire a ƙasa a gabansa. Ina kuma jan hankalin makiyaya da masu zama kusa da su game da allurar Berenil da ake yi wa shanu saboda sammore. Gaskiya ne tana kashe cutar da ke farfasa jini, amma a jikin kare tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke lalata ƙwaƙwalwa 'yar kaɗan ce, don haka ba allurar da za a yi da ƙiyasin ido ba ce, ba kuma a maimaita ta don an ga kare bai miƙe da wuri ba.

Yanzu sai abin da ya fi sosa mini rai, wato magungunan da ake yi wa 'yan kwikwiyo a gida. Wani kalanzir zai shafa, wani baƙin mai na inji, wani fiya-fiya, wani Sniper, wani kuma ragowar maganin feshin wake ko tumatir. Duk waɗannan suna kashe kaska, babu musu, amma fatar ɗan kwikwiyo sirirya ce, hantarsa ba ta yi ƙwari ba, ga shi kuma yana lasar jikinsa, yana lasar 'yan uwansa. Cikin ɗan lokaci sai a ga yana dalalar da miyau, yana karkarwa, yana amai da gudawa, wani lokaci har da jijjiga. Sniper maganin ƙwarin gona ne, ba a yi shi don jikin dabba ko ɗakin kwana ba, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa saboda yawan ɓarnar da ake yi da shi. Idan tsautsayi ya riga ya faru, a wanke ɗan kwikwiyon da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa safar hannu, a goge shi ya bushe, a garzaya da shi asibitin dabbobi tare da kwalbar abin da aka shafa masa. Ɗura masa manja ko madara, kamar yadda aka saba, yana iya sa ya shaƙe abin ya gangara huhu, a ƙara masa wata cutar a kan wadda yake ciki.

Ko magungunan da aka yi don dabbobi ma ba kowanne ne ya dace da shi ba. Ruwan wankan shanu mai ɗauke da amitraz yana aiki a jikin babban kare idan likita ya auna yawan ruwan da za a sirka, amma ƙaramin kwikwiyo yakan yi sanyi ya kasa tashi, bugun zuciyarsa ya ragu. Allurar Ivomec da ake tsira wa kowace dabba ita ma ta halaka ƙananan karnuka da yawa saboda an auna musu da ma'aunin raguna. Gidan da ke da kyanwa kuma, kuma gidajenmu da yawa suna da ita, a duba jikin kwalba, idan an ga an rubuta permethrin to a nesanta shi da ita, domin abin da kare zai ɗauka lafiya kyanwa yana iya kashe ta, ko da ta hanyar goga jikinta da na karen ne.

Kafin ɗan kwikwiyo ya kai mako 8, babban makami shi ne hannu da hantsaki. A kama kaskar daf da fata, ta wajen bakinta, a ja a hankali a miƙe ba tare da murɗawa ko fizga ba, a jefa ta cikin 'yar kwalba mai kalanzir a rufe, a goge wurin da ruwan sabulu ko aidin. Kada a ƙona ta da ashana tana jikinsa, kada a shafa mata mai a jira ta saki, kuma kada a murtsuke ta da farce kamar yadda yara suke yi don jin ƙarar fashewarta. Wannan na ƙarshe ya shafi lafiyar mutum, domin wata kaskar da ake samu a jikin shanu da tumaki tana ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini wanda ake kira na Kirimiya da Kwango, kuma murtsuke ta da hannu yana cikin hanyoyin kamuwa. A gidan da ake turke rago kusa da kare, ba kowa ne zai bambance wannan kaska da waccan ba. Idan kaskar ta yi yawa a jikinsa kafin ya kai mako 8 ɗin, feshin Frontline yana cikin 'yan kaɗan da masu yin su suka amince a yi wa kwikwiyo ɗan kwanaki, kuma dole a yi wa uwar magani, in ba haka ba an yi aikin banza. Daga mako 8, idan nauyinsa ya kai kilo 2, akwai ƙwayar NexGard da ake ba shi ya tauna sau ɗaya a wata, akwai Bravecto mai ɗaukar mako 8 zuwa 12, wadda shekarun fara ba da ita suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa don haka sai a tambayi likita, akwai kuma abin wuya na Seresto mai aiki wata bakwai zuwa takwas. Na san suna da tsada, kuma ba kowane mafarauci ne zai iya sayensu ba, amma likitan dabbobi zai iya nuna mai sauƙin kuɗi da ya dace da shekarun karen. Duk wanda za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, a kuma auna nauyin kwikwiyon. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa yana riƙe da shi, ya cire na farko daga na biyu.

Sauran aikin a jikin gini yake. A yi wa ɗakin kare daɓen siminti, a yaɓe duk wata tsaga, a toshe ramukan bulo, a riƙa wanke buhun da yake kwanciya a kai ana shanya shi a rana, a nome ciyawar da ke kewaye. Idan za a yi feshi, a fitar da kare da kwanonsa, a hana yara shiga har wurin ya bushe, kuma a fesa bango har sama zuwa inda ya haɗu da rufi, domin wannan kaskar hawa take yi, ba a ƙasa kawai take zama ba. Feshi ɗaya ba ya isa, tun da ƙwan da ke cikin tsaga yakan tsira, sai an maimaita bayan kamar mako biyu, a ci gaba na 'yan watanni. Da damina ta fi yawa, amma a cikin gida ba ta da lokacin hutu, kuma bincike ya nuna idan zafi ya tsananta ta fi saurin cizon mutum, abin da ya kamata mu lura da shi da bazara, lokacin da yara suke kwana a tsakar gida.

Maƙwabta ma suna da hannu a ciki. A wasu garuruwan 'yan asalin Amurka da ke jihar Arizona, irin wannan kaskar ta yaɗa wani mugun zazzaɓi da ya kashe mutane, da dama daga cikinsu yara. Cutar ta can ce, ba tamu ba, amma yadda suka yi da ita abin koyi ne. A 2012 aka bi gida-gida a wani gari aka sa wa karnuka abin wuya mai magani, aka riƙa feshin tsakar gidaje duk wata, kuma bayan wata biyar karnukan da aka ga kaska a jikinsu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali a inda ba a yi aikin ba sun kai kashi 64. Mutum ɗaya da ya tsabtace gidansa, matuƙar karensa yana cuɗanya da na unguwa, zai ci gaba da kwaso ta.

To, ina horo ya shigo? Ya shigo ne tun ranar da aka kawo shi gida, kuma ranar bai kamata ta zo kafin ya cika mako 8 ba. Masu sayarwa a bakin titi sukan raba 'yan kwikwiyo da uwarsu suna 'yan wata guda saboda a lokacin sun fi ban sha'awa, alhali a makonnin nan ne suke koyon sassauta cizo daga wasa da 'yan uwansu, uwar kuma tana tsawata musu. Masana halayyar dabbobi a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka sun shafe shekaru suna nazarin wannan, suka gano cewa daga mako 3 zuwa kimanin mako 12 ne ɗan kwikwiyo yake karɓar sabon abu ba tare da tsoro mai yawa ba. A wani gwaji da aka wallafa a 1961, an bar 'yan kwikwiyo da uwarsu a fili ba tare da hulɗa da mutane ba, kuma waɗanda suka kai mako 14 a haka sun zama masu gudun mutum, aka yi ta fama ba su saba yadda ya kamata ba. Wanda ya karɓi kwikwiyo ɗan mako 8, abin da ya rage masa kimanin wata guda ne. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan kuwa an ma auna mana tsawon ɗanyantakar.

Shawarata ita ce a mai da duban kaska ya zama darasin farko. Kullum da safe ko da la'asar, lokacin da akwai haske, mai kare ya zauna da shi a wuri ɗaya, ya kira sunansa, ya shafa bayansa, ya buɗe kunne ya duba ciki da bayansa, ya ɗaga leɓe ya ga launin dasashi, ya bi wuya da hammata da matsematsi da gindin wutsiya, ya ware yatsun kowace ƙafa, domin waɗannan su ne maɓoyar kaska. Bayan kowane wuri ya ba shi ɗan guntun dafaffen nama ko busasshen kifi marar ƙaya. Idan ya yi tirjiya kada a danne shi da ƙarfi, a sassauta, a koma inda ya yarda, gobe a ƙara kaɗan. Duka-duka minti biyar ne. A cikinsu an cire kaska kafin ta daɗe tana ɗura cuta, an ga farin dasashi tun ranar da ya fara, kwikwiyon kuma ya koyi cewa hannun mutum alheri yake kawowa. Wanda yake ƙyamar yawun kare ya sa safar hannu, ya ware tufa ta wannan aiki, ya wanke hannu bayan ya gama. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi ba a ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, duk da ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, amma ko wanda ya bi ra'ayin da ya fi tsanani yana da hanyar yin aikin. Abin da ba shi da kyau shi ne a sayo kare a miƙa wa maigadi wanda shi kansa tsoronsa yake ji, ya riƙa tura masa kwanon abinci da sanda. Tun da na ambaci abinci, a kiyaye ragowar miya mai albasa da yawa, domin albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ta ƙara wa wanda kaska ta riga ta tsotse rauni.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu wadda nake ganin ita ce tushen yawancin cizon da ake yi a gidaje, wato wai idan ana son kare ya yi zafi sai a kulle shi a keji mai duhu kada ya ga kowa, a riƙa zuba masa barkono a abinci, a riƙa dukan kejin ana tsokanarsa. Abin da wannan yake samarwa matsoracin kare ne, kuma matsoraci ya fi kowane kare saurin cizo, domin duk abin da ya gani barazana ne a wurinsa. Ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo bara, ko mai garuwa, ko jikan maigida da ya zo hutu. Ranar da sarƙa ta tsinke, ba ɓarawo zai samu a tsakar gida ba, 'yan gida zai samu. Irin wannan karen kuma shi ne za ka hango kunnuwansa cunkushe da kaska, an san yana wahala, amma babu mai ƙarfin halin matsawa kusa. Gadi ɗabi'a ce da take fitowa da kanta idan kare ya balaga, daga shekara ɗaya zuwa biyu, musamman a irin manyan karnukan ƙasashen waje da ake sayowa, kuma karen gida na gargajiya ma ba a koya masa haushi. Abin da ake koya masa shi ne sanin abin da yake na yau da kullum, don ya gane wanda ba shi ba. Saboda haka tun yana ƙarami ya ga mai babbar riga da mai rawani da mai hijabi, ya ga yara da tsofaffi, ya ji ƙarar babur da janareta da injin markaɗe, ya zauna kusa da awaki da kaji yana ɗaure da igiya har ya daina damuwa da su. Sai dai kafin ya gama allurarsa kada a sauke shi a titi ko juji inda karnukan unguwa suke kashi, saboda cutar fabo mai sa amai da gudawar jini tana yin watanni a cikin ƙasa, kuma 'yan kwikwiyo ta fi kashewa. A ɗauke shi a hannu ko a mota, ko baƙin su zo su same shi a gida.

Umarnin da ake bukata da farko ba su da yawa, ya san sunansa, ya san "zo" da "zauna" da "bari". Sunan ya zama gajere, irin su Duna ko Zaki, kuma kowa a gidan ya yi amfani da kalma iri ɗaya. Nakan yi murmushi idan na ji ana cewa karen Turawa sai da Turanci, alhali sauti kawai yake riƙewa da abin da ya biyo bayan sautin. Lada kuma sai ta zo nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba ba zai san abin da aka yaba ba. Haka hukunci yake: wanda ya dawo daga kasuwa ya tarar an tauna masa takalmi tun da hantsi, ya kira kwikwiyo ya zane shi, abin da ya koya masa shi ne amsa kira yana jawo duka, kuma gobe ba zai zo ba. A cikin umarnin nan "zo" ne ba a wasa da shi, shi ne zai dawo da kare ranar da ƙofa ta buɗe ya bi yaron maƙwabta, don haka duk lokacin da ya amsa a yaba masa, ko da ɓarna ya baro.

Maganar kashi da fitsari ba ta da wuya. A kai shi wuri ɗaya da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa, a yaba masa idan ya yi, wurin kuma ya yi nesa da rijiya da madafa da inda yara suke wasa. Goga masa hanci a cikin ƙazantar ba ya koya masa kome. A riƙa kwashe kashin kullum, domin ƙwan tsutsar cikin kare yana cutar da yaran da ke wasa da ƙasa, kuma a ba shi maganin tsutsa tun yana ɗan mako 2, ana maimaitawa duk mako biyu har ya kai wata uku. Tsakanin wata huɗu da shida yake famfara, zai yi ta neman abin tauna, sai a ba shi abin da aka ware masa. Idan ya kama hannu a cikin wasa a tsayar da wasan a juya masa baya na ɗan lokaci, kuma a hana yara ja masa wutsiya ko cuna shi ga abokansu don dariya. A lokacin nan ne kuma ake saba masa da abin wuya da igiya da takunkumi, ana sa masa na ɗan lokaci ana ba shi lada, don ranar zuwa asibiti kada a yi kokawa.

Ranar kuwa tana zuwa da wuri. Allurar farko ta fabo da sauran cututtukan ƙuruciya ana yin ta tsakanin mako 6 da 8, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16, ta ciwon haukan kare kuma idan ya cika wata uku, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar tana daina yaɗuwa, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana haɗa wannan rigakafi a cikin gida. Amma duk wanda ya taɓa fita gangamin allura ya san inda gizo yake saƙa, ma'aikata za su zo ƙofar gida da allurar kyauta, maigida ya ce kare yana nan amma ba mai iya kama shi, su wuce gida na gaba.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun kula da dabbobi na jihohinmu da su haɗa bayanin kaska da na saba wa kwikwiyo da hannu a cikin gangamin da suke yi a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma a yi bayanin da Hausa a gidajen rediyo, a kai shi ga ƙungiyoyin mafarauta da ardo-ardo. Masu sayar da 'yan kwikwiyo su daina raba su da uwa kafin mako 8, su kuma riƙa ba mai saye kati mai nuna ranar haihuwa da maganin tsutsa da allurar da aka yi, mai saye kuma ya ƙi karɓa idan babu. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka gayyato likita daga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu ko da sau ɗaya ne a wata, ya kuma faɗi magungunan kaska masu rajista da ake samu a kasuwanninmu da shekarun da ake fara amfani da kowanne.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Malamin dabbobi mai ritaya,
Zariya.